Tozon Tsoho

Shafi na 19

Na ga saƙonninku. Ban mutu ba, aiki ne ya riƙe ni. Wadda ta ce in rage lissafi in ƙara soyayya ta yi haƙuri, shafin nan ma babu.

* * *

A ɗakin kwamfuta Auta ta same ta.

Maman Tagwaye na zaune gaban na'urar da ke jikin taga, mai tsagaggen gilashi. Ta yi shigar fita kunya, don yau za ta kare kundin digirinta na uku, amma silifas ne a ƙafarta. Takalmin kirkin yana cikin leda a kan cinyarta.

"Kin karya?" in ji Auta.

"Na sha ruwa."

"Ruwa ba zai tsayar da ke gaban malamai ba."

"Ba ruwa nake jira ya tsayar da ni ba, Dakta. Ke nake jira."

Auta ta ajiye jakarta a kan tebur. Ba ta zauna ba.

"Shugaban Sashe ya kira ni jiya," in ji Maman Tagwaye. "Kawun naki. Har da ba ni lemo. Ya ce tambaya ɗaya tak zai yi mini a zaure: goman nan da na rubuta, a wane ma'auni na rubuta shi. In na amsa, ya gama da ni."

"Ki faɗa masa gaskiya."

"Gaskiyar ai kuskure na yi."

"Kuskuren naki ne ya nuna abin da yake daidai."

"Wannan a bakinki zai yi daɗi. Ni in na faɗa, ɗaliba ce ke kare kanta."

Aikin sashen ba mai tarkace ba ne. Babu kwalabe, babu hayaƙi. A lissafi ake harba ilektaron kan molekul, a ga yadda zai watse. Yawanci ya buga ya wuce. Amma akwai wani daidai ƙarfi da in ya zo da shi, sai molekul ɗin ya riƙe shi na ɗan mitsitsin lokaci kafin ya sake shi. Shi ake kira rezonans. A zanen sakamako yana fitowa kamar tozon bijimi: layi na tafiya a kwance, sai ya tashi, ya sauka.

Mahaifin Auta ya samo irin wannan tozo tun tana rarrafe, a inda babu wanda ya zaci akwai. Da shi ya zama farfesa. Da shi aka san sashen a waje. Ɗalibai na kiransa Tsoho, abin da ya samo kuma Tozon Tsoho.

Sai dai kwamfuta ba ta iya lissafa sararin da ba shi da iyaka. Dole a kulle molekul cikin akwati na lissafi, a yanka masa faɗi. Ƙa'idar kuwa ɗaya ce: faɗaɗa akwatin, sake gwadawa. Tozon gaske ba ruwansa da bango, yana nan inda yake. Na ƙarya bango ne ya haife shi. In bango ya matsa, sai ya bi shi.

A sashen nan ba a taɓa akwatin Tsoho. Fayil ɗin lissafin gado ne, ɗalibi ya kwafa a wurin ɗalibi, da gomansa a layin faɗi. Maman Tagwaye ma goma ta rubuta. Sabuwar manhajar da aka kawo ce ta karanta goman a wani ma'auni dabam, akwatin ya kusa ninka kansa.

Tozon ya zame, ya baje.

Auta, wadda wannan hanya ta faɗaɗa akwati ce ta kai ta karatu ƙasar sanyi, ta zauna ta gwada da kanta a akwatuna iri-iri. Duk inda bango ya je, tozon na biye da shi.

"Tun a lokacin na ce miki bari in mayar da ƙaramin akwatin," in ji Maman Tagwaye. "Tozon ya dawo, in rubuta abin da kowa ya rubuta, in karɓi abina in kama gabana. Kika ce a'a."

"Na ce."

"Kika ce in rubuta abin da idona ya gani."

"Shi ma na ce."

"Ni ba gaskiya na zo nema nan ba, Dakta. Digiri na zo nema. Kwalejin da nake koyarwa sun ce in ban kawo bana ba, kujerata ta wani ce. Wa'adina a nan ya ƙare, babu wani zama bayan na yau. Yaran da na shigo da cikinsu, yanzu su ke tambayata, Mama, ke wai ba kya gama makaranta ne? Ko maimaita aji kike yi?"

Auta ta kalli tsagar gilashin.

"Farfesan da aka gayyato daga waje ya iso," in ji Maman Tagwaye. "Na gan shi yana fitowa daga mota. In Baƙon nan ya juyo ya ce, Dakta, tozon nan akwai shi ko babu, za ki ce babu?"

Auta ta gyara zaman jakarta a kan tebur.

"Mahaifinki ne fa."

"Na san ko wane ne."

"Wannan ba amsa ba ce."

"Sa takalminki. Zan ga Shugaba."

* * *

A duk benen, ofishin Shugaban Sashe ne kaɗai na'urar sanyi ke aiki. Tana ɗiga cikin wani bokitin fenti. A bango ga zanen tozon cikin firam, takardar ta yi rawaya. Gefensa hoton sabon ginin sashen ne, wanda za a rubuta sunan Tsoho a goshinsa.

Kawu na tsaye yana fama da maɓallin hannun riga. Ƙanen mahaifiyarta ne. A gidansu ya tashi, a hannun Tsoho ya yi karatu, kujerar Tsoho ya gada.

"Kawu, ina kwana."

"A gida ne nake Kawu."

"Shugaba, ina kwana."

"Lafiya. Har yau dai a tsaye ake gaisuwar, kamar mai karɓar tikiti. Rufe ƙofar."

Ta rufe.

"Ya jikin Malam?" in ji shi, yana nufin mahaifinta.

"Ya sha shayi."

"Duka?"

"Rabi. Ɗaya rabin, riga ce ta sha."

Kawu ya zauna. Ya gyara zaman tabarau.

"In a kan matar nan kika zo, kin makara. Wanda bai san ma'aunin da yake aiki da shi ba, ba a ba shi digiri na uku. Ko tela ya san inci daban, santimita daban."

"Telan da ya yi kuskuren awo har ya gano yadin ruɓaɓɓe ne, godiya ake masa."

"Wa ya ce ruɓaɓɓe ne?"

"Na gwada da hannuna. Ƙarami, babba, wanda ya fi babba. Na sake bi ta wata hanyar da ba ta buƙatar bango sam. Babu komai a wurin, Kawu. Bangon ne ke yi mana gizo."

"Babu komai."

Ya maimaita a hankali. Ya nuna kabad ɗin gilashi da leɓe.

"Waɗancan kundayen fa? Duk a kan babu komai aka rubuta su ke nan. Masu su yanzu farfesoshi ne. Wasu na riƙe da sassa. Ɗaya ya rasu, an sa wa ɗakin karatu sunansa. Ni da nake zaune nan, a kan babu komai nake zaune."

"Ba ni na zaunar da kai ba."

"Bakin nan na uwarki ne. Hankalin ne ban san na wa ba."

"Ba faɗa na zo yi ba. Ka bar ta ta wuce. Ba sai an yi shela ba. Ta karɓi digirinta, mu rubuta gyara a mujalla a nutse, da sunan sashe."

"A nutse." Kawu ya yi tsaki. "Kin daɗe a can, kin manta yadda ake rayuwa da mutane. In kundin nan ya wuce, kafin azahar duk jami'a ta ji. Masu jiran ginin can su samu nasu sunan sun fi ki sanin lissafi a ranar. Mutumin nan ba ya iya ɗaura wandonsa, Auta. Yayarki ke yi masa. Rabin jiki ya tafi, harshe ya tafi. Abu ɗaya ya rage masa. Shi ma sai kin karɓe?"

"Baba ne ya fara koya mini faɗaɗa akwati. A kan teburin cin abinci, da kwalin ashana da kwalin sabulu. Kwamfutar zamaninsa ba ta ɗaukar babban akwati, iyakar laifinsa ke nan. Da ya samu irin tawa, da shi zai fara tashi ya ce babu."

Kawu ya dube ta. Sai ya yi dariya, 'yar gajeriya, marar daɗi.

"Da ya samu."

"Me ya ba ka dariya?"

"Zauna."

"Ina jin ka a haka."

"To tsaya. Kina firamare aka tura ni kwas waje. Can suna da babbar na'ura, ta cika ɗaki guda. Ana gobe zan tafi Malam ya kira ni. Ya ce in na samu dama in faɗaɗa masa akwatin, don hankalinsa ya kwanta. Na faɗaɗa."

Auta ta dubi zanen da ke bango.

"Abin da kika gani, shi na gani. Na zaci ni na ɓata. Na sake, na kuma sakewa. Da na dawo, shi ya ɗauko ni a filin jirgi da tsohuwar motar nan tasa mai buɗe ƙofa da igiya. Ban bari mun kai gida ba. A hanya na faɗa masa."

"Ya ce me?"

"Ya tsaya a gefen titi. Ya riƙe sitiyari ya yi shiru, har na zaci addu'a yake. Can sai ya tambaye ni ko na tuna na sayo wa mamanki maganin ƙafa."

"Kawu."

"Da muka isa ƙofar gida ya ce, bar shi tukuna. Tukunan nan muke ciki har yau."

"Ƙarya kake yi."

"Na yi ƙarya da yawa a ofis ɗin nan. Wannan ba ta cikinsu."

Ruwa ya ɗiga a bokiti.

"Bayan nan ɗalibai suka yi ta zuwa, yana sa musu hannu," in ji Kawu. "Kowa da gomansa. In wani mai kaifin kai ya ce, Malam, me zai hana mu ƙara faɗin? Sai ya ce na'ura ba za ta ɗauka ba. Aka canja na'ura. Aka sake canjawa. Har ya kwanta ciwo na'ura ba ta ɗauka."

"In ya sani, me ya sa ya koya mini? Me ya sa ya tura ni inda ba a yin komai sai wannan?"

"Yauwa. Yanzu kika iso."

Ya jingina.

"Ke likita kika so zama. Kin tuna? Har yajin cin abinci kika yi, mamanki na bin ki da kwano. Wa ya zaɓa miki fanni? Wa ya zaɓi ƙasa? Wa ya zaɓi tsohuwar nan da ta koyar da ke, wadda kowa a fannin ya san sana'arta kashe rezonans na ƙarya ce? Kin zaci sa'a ce?"

"Ya ce ita ta fi kowa iyawa."

"Ta fi kowa iyawa mana. A ofis ɗin nan, ina kan kujerar da kika ƙi zama, Malam ya ce da ni: ni ba zan iya ba, kai ba za ka yi ba. Auta za ta yi. Za ta dawo ta gano da kanta, ta faɗa. A ce tsohon ya yi kuskure, 'yarsa ta gyara. Kin ji labari mai daɗi. Ba mai cewa ya sani."

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"Wuƙa ya kai a wasa masa, Auta. Ke ce wuƙar."

Ɗakinta na can ya faɗo mata a rai. Taga ɗaya, tana kallon bangon wani gini. Safa a kan safa. Bas ɗin da ba a gaisawa a ciki. Duk lokacin da ta ce ta gaji, Baba zai ce a waya, daure, Auta, ke ce za ki fi ni. Ta ɗauka yabo ne.

"Lokacin da mamanki ta kwanta, na ce a kira ki."

"Kada ka sa Mama a ciki."

"'Yar'uwata ce kafin ta zama uwarki. Tana ta tambaya, Auta ta taso? Muna cewa tana hanya. Na ɗauki waya, Malam ya riƙe mini hannu. Ya ce kina tsakiyar babin da ya fi muhimmanci, in kin taho ba za ki koma ba. Sai na faɗa miki ko wane babi ne?"

Ba sai ya faɗa ba.

Sai da aka binne Mama aka kira ta. Ta ajiye wayar, ta koma kan kwamfuta, don ba ta san wani abin yi ba. Akwati take faɗaɗawa a ranar.

Ta dafa bayan kujerar. Ba ta zauna ba.

"Me ya sa sai yau kake faɗa mini?"

"Don ki san abin da za ki buɗe. In kika ce babu a zauren nan, Baƙon ba yaro ba ne. Zai tambaya: duk shekarun nan ba wanda ya taɓa gwadawa? Ni kuma zan miƙe in ce na gwada, na faɗa wa malamina, ya ce in yi shiru. Kuskure ake yafewa, Dakta. Wannan ba sunansa kuskure ba."

"Kai ma za ka nutse."

"Ni ɗalibi ne a lokacin. Kuma ritayata ta kusa, gona na jirana. Amma ba zan zauna a wanke shi tas, a bar ni da tambayar me Shugaban Sashe yake yi duk shekarun nan ba. Ko mu rufa wa juna asiri mu duka, ko mu tsiraita mu duka."

"Ashe ba shi kake karewa ba."

"Na kare shi tun ba ki iya haɗa biyu da biyu ba. Na gaji."

"Matar nan fa? Ita me ta yi?"

"Ta rubuta goma a inda ba ta duba ba. Mutum ɗaya ce. Za ta yi kuka, ta koma wurin 'ya'yanta."

"Mama ma mutum ɗaya ce."

Hannunsa ya tsaya a kan hula. Na ɗan lokaci bai dube ta ba.

Sai ya ɗauki hular ya sa.

"Ana jiranmu," ya ce.

* * *

Zauren ya cika. Kujerun katako masu naɗewa, fanka ɗaya mai kuka, baƙin allo daga bango zuwa bango. Ɗalibai sun tare baya. Can ƙarshe Baban Tagwaye ne tsaye, ya ɗaga waya sama yana ɗaukar hoto tun ba a fara ba.

A layin gaba akwai keken marasa lafiya.

An sa wa Baba kwat ɗinsa na lacca, wanda yanzu ya yi masa yawa. Hannun dama na kwance a cinya kamar ba nasa ba. Yaya, babbar 'yarsa, na tsaye a bayansa da hankici.

"Wa ya ce a kawo shi?" in ji Auta ƙasa-ƙasa.

"Kawu ya aiko mota. Ya ce yau za a yi zancen tozonsa, zai ji daɗi."

"Yaya, kin san abin da za a yi a nan?"

"Na san abin da aka ce kina shirin yi. Shi ya sa na yarda. Ni ban yi boko mai nisa ba, ni ce mai wanki da goge-goge. Amma in za ki yi, ki yi a gaban idonsa."

Auta ta rusuna.

"Baba, sannu."

Idonsa na hagu ya bi ta.

Ta hau dandamali ta zauna a ƙarshen teburin malamai.

Maman Tagwaye ta fara. Ta nuna ƙaramin akwati da tozonsa. Ta nuna babban akwati, layi kwance. Takalmin na matsa mata, tana sauya ƙafa. Da ta gama ba wanda ya tafa, sai mijinta, shi ma ya tsaya da ya ga shi kaɗai ne.

Kawu ya jawo makirufo.

"Sannu da ƙoƙari, Malama. Goman nan. A wane ma'auni kika nufe shi?"

"A wanda Farfesa ya yi amfani da shi."

"Manhajar fa, a wanne ta karanta?"

"A ɗayan."

"Kin sani a lokacin?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe. Daga baya na gane."

"Wato babinki na ƙarshe, daga farkonsa har ƙarshensa, a kan ban sani ba ya tsaya."

Aka yi dariya a baya.

"Ba ni da sauran tambaya," in ji Kawu.

"Ni ina da ita."

Baƙon ne. Siririn dattijo, tabarau a ƙarshen hanci, yana tsotsar alewar tari.

"Kuskuren awo na ji shi. Ni ma na taɓa yi, har aka yi ta yi mini waƙa a sashe. Ba shi ke damuna ba. Akwati ya ƙara faɗi, tozo ya gudu. Ko da gangan aka faɗaɗa, ko barci ne ya faɗaɗa, tozon gaske ba ya gudu. Sai dai in sabuwar manhajar ce ke da aljanu. Ni kuwa ban san ta ba, na tsufa. An ce mini akwai wadda ta koyo abin nan a wurin masu shi."

Ya leƙo ta saman tabarau.

"Dakta. Kin duba aikin nan?"

"Na duba."

"To taimaka mana. In akwai tozon, ɗalibar nan ta faɗi. In babu, ta ci, kuma ta ci da kyau. Akwai ko babu?"



Auta ta miƙe. Ta zare makirufo daga kan tebur.

Kawu ya riga ya dafa tebur da tafin hannu biyu, irin na mai shirin tashi. Maman Tagwaye na kallon ƙasa. Leɓenta na motsi.

Auta ta sauko daga dandamali.

"Auta," in ji Yaya. "Kada ki soma."

Ta durƙusa gaban keken.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa Baƙon, ba tare da ta juya ba, "ni aikena aka yi, ba a faɗa mini an aike ni ba. Mai tozon yana nan. Ya fi kowa sani."

Ta kai makirufon bakinsa.

"Baba. An ce ka daɗe da amsar. Akwai ko babu?"

"Ba ki da imani," in ji Yaya. "Wallahi ba ki da imani. Mutumin da ko ruwa ba ya iya roƙa."

Kawu ya miƙe.

"An ɗage wannan zama."

"Ba a ɗage ba, Shugaba," in ji Baƙon. "Ni aka ɗauko daga nesa, sai na ce na gama. Zauna."

Numfashin Baba ke fita ta lasifika. Mai nauyi, mai gurnani. Duk zauren na jin sa.

Hannunsa na hagu ya ɗago a hankali. Ya ture makirufon gefe.

Bakinsa ya karkace. Wani sauti ya fito, ba wanda ya gane. Yaya ta sunkuya da hankici, ya kauda kai. Ya sake gwadawa. Jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Alli."

Ba wanda ya motsa.

Baƙon ne ya tashi da kansa. Ya ɗauki guntun alli a gindin allo, ya sauko, ya sa masa a tafin hannu, ya naɗe masa yatsu a kai.

Baba ya nuna allo da haɓa.

"Malam," in ji Kawu. "Malam, ka yi tunani."

Baba bai ko dube shi ba.

Auta ta tashi ta zagaya bayan keken. Yaya ta ƙi saki, ta ɓamɓare mata yatsu. Ta kama hannuwan keken za ta tura.

Hannun da ke riƙe da allin ya bugi ƙarfen keken.

"Ba ke ba."

Wannan karon kowa ya ji.

Ya ɗaga allin, yana rawa, ya nuna Maman Tagwaye.

"Ita."

Auta ta saki keken.

Tana tsaye a nan, makirufo a hannu, wata ta zo ta tura mahaifinta ta wuce ta gabanta. Bai waiwayo ba. Aka tsayar da shi gaban allo. Ya ɗaga hannun hagu, wanda bai taɓa rubutu da shi ba.

Allin ya taɓa allo.

* * *

Iyakar shafin ke nan. Masu zagin Auta, fili naku ne.